Samaru da Birni: makarantun zane biyu a garin Zariya

Ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Kaduna ya san Zariya, amma sanin mai wucewa. Ya baro Ɗan Isa da sassafe bayan an gama da duwan, ya ratsa Jibiya da Katsina, ya miƙa ta Malumfashi da Funtuwa, in Allah ya kiyaye taya, kafin la'asar sai ya ga doguwar katangar jami'a a gefen kwalta, ga samari da ƴan mata riƙe da takardu suna tsallake hanya. Nan ne Samaru. Mutumin Damagaram kuwa ta Matamai da Daura da Kano yake biyowa, ya shigo garin ta wani ɓangaren, ya tsaya a Kwangila ya sha ruwa, ya ƙara gaba. In an tambaye su abin da ke Zariya, ɗaya zai ce kasuwar Sabon Gari, ɗaya ya ce babban asibitin Shika inda aka taɓa kai wani nasa. Ma'aikacin biro mai son karatun Hausa zai ƙara da cewa a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekara ta 1939, Abubakar Imam na riƙe da alƙalaminta. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani abin da garin ya yi suna da shi har ƙasashen ƙetare, wanda matafiyin Nijar bai cika jin labarinsa ba, wato makarantar koyon zane da sassaƙa.

Turawan Ingila ne suka kafa sashen a Ibadan, cikin wata babbar kwaleji ta fasaha da kimiyya, sa'an nan suka ɗauko shi zuwa Zariya a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaji kwalejin, da gine-ginenta da sashen zanenta duka. Baƙon da ya shiga harabar zai gane ya iso wurin tun kafin ya ga allon suna, domin akwai wani fili ƙarƙashin itatuwa cike da mutum-mutumin siminti da na ƙarfe, aikin ɗalibai shekara da shekaru, waɗansu a tsaye ƙyam, waɗansu rana da damina sun tsattsage su, ƙadangaru na shan hantsi a kafaɗunsu.

Yawancin malaman farko Turawa ne, kuma abin da suka sani shi suka koyar. A zaunar da mutum, ɗalibi ya zana shi daidai da yadda ido ya gan shi, a auna haske da inuwa, a koyi yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, a yi aiki da fentin mai a kan ƙyallen da aka ɗame a jikin katako. Sana'a ce mai tushe, ba wanda ya isa ya raina ta. Amma a 1958, saura shekara 2 Najeriya da Nijar su sami mulkin kai, waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ƴan kudu ne da karatu ya kawo ƙasar Hausa. Daga baya aka yi musu laƙabi da ƴan tawayen Zariya, ko da yake tawayen bai wuce na taro da muhawara da zane bayan an tashi daga aji ba. Ra'ayinsu, wanda Okeke ya rubuta a 1960, shi ne a karɓi dabarar Bature, a haɗa ta da abin da aka gada a gida, haɗin da zai kama jiki har a kasa ganin ɗinki. Shi Okeke a Kafanchan ya tashi, amma ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Ƙungiyar ta watse a 1961. Tambayar da ta bari kuwa tana nan, kowane sabon ɗalibi sai ya amsa ta da hannunsa: da me za a yi zanen, kuma wane irin sawu hannu zai bari?

Batun sawu shi ne na farko. Mai karatun da ya taɓa loda buhunan wake ko na albasa a kamyo ya san wannan ilmi, ko da bai san ana karantar da shi a jami'a ba. Kowane mai kaya da alamarsa a jikin buhu, wani gicciye, wani da'ira da ɗigo a tsakiya, wani haruffa biyu na sunansa. Yaron motar da bai taɓa shiga lakwal ba yana duban tarin buhu ya ce wannan na Alhaji wane ne, har ya gane ranar da wani dabam ya shafa alamar, domin hannun ya canza. To, wannan bambancin hannu shi ake so ɗalibin zane ya gano a jikinsa, kuma ba ya ganuwa muddin yana riƙe da fensir yadda mushe ya koya masa riƙon alƙalami tun yana aji ɗaya. Saboda haka a makarantun zane akan raba shi da fensirin tukuna. A ba shi gawayi, ya karya, ya kwantar da shi ya ja da gefe, ya ga faɗin da ya bari. Ya tsoma tsinken tsintsiya a tawada, ya gwada karan dawa da aka fere, da gashin kaza, da tsumma, da soso, da haƙoran mataji. Ya shimfiɗa takarda a kan tabarma ya goga gawayi har saƙar ta bayyana. Ya shafe fallen katako da baƙi, ya ɗauki ƙusa ya karce, haske ya fito daga ƙarƙashi. Wani lokacin a ɗaure gawayin a bakin doguwar sanda, a shimfiɗa takardar a ƙasa, ya yi zanen a tsaye, don kafaɗa ta karɓi aikin daga yatsu. Mai wucewa zai ɗauka wasan yara ne, kuma lalle a makon farko bai fi wasan yara kyan gani ba. Amma bayan takarda ta taru, mai ido zai fara gane cewa layin wannan yarinya yana rawa kamar mai shakka, na wancan yaro kuwa yana saukowa da nauyi kamar saran gatari.

Na biyu shi ne gauraya kayan aiki iri-iri a zane guda, abin da masu Faransanci ke kira technique mixte. Fenti ya haɗu da yashi, guntun atamfa ya hau kan takardar buhun siminti, a bi da toka ko jar ƙasa, a ɗinke wani gefe da zare. Wanda bai saba ba zai ce haɗin gambiza, kuma sau da yawa ya faɗi gaskiya. Dabarar ta daɗe a makarantun Turai, amma a nan akwai abin da ya ƙara tura ɗalibai gare ta. Tun daga 1986, da gwamnatin Najeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta zubewa, fentin mai da buroshi da takardar kirki da ake shigowa da su daga waje suka fi ƙarfin ɗan talaka. Wanda ya ga abin da karyewar darajar sefa ta yi wa farashin kaya a Janairun 1994 ba ya bukatar dogon bayani. Da rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ɗalibi ya duba ƙasa, ya ga Zariya a kan jar ƙasa take zaune, kyauta.

Sai dai kyautar tana da sharaɗi, kuma a nan ne karatun gaske yake. In aka kwaso jar ƙasa aka kwaɓa da ruwa aka shafa, da ta bushe sai ta kakkaɓe. Dole a jiƙa ta a bokiti, a motsa, a bari tsakuwa da yashi su kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai launi, a bar shi ya kwana, a zubar da ruwan da ya tashi, a shanya laushin da ya rage. Wannan garin shi ne launi. Sa'an nan a nemo abin da zai riƙe shi. Ƙaro yana narkewa a ruwa, yana ba da sheƙi mai kyau, amma in ya yi kauri sai ya tsattsage da hunturu, da damina kuma ya yi danƙo. Kokon sitaci yana kama takarda sosai, sai dai kira ne ga gara da kyankyaso, ɗalibi ya tafi hutu ya dawo ya tarar an yi walima da aikinsa. Farin gam na kafintoci ya fi su riƙo, shi kuma kuɗi ne. Akwai ƙa'idar da ba a karya ta a zauna lafiya: fentin mai yana zama a kan na ruwa, na ruwa ba ya zama a kan na mai, zamewa yake yi ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza. Man kuma in ya taɓa takarda tsirara, ba a shafe ta da komai ba tukuna, sannu a hankali yake cinye ta.

Yanayin garin ma malami ne mai zafin hannu. Da hunturu tawada na bushewa tun tana bakin buroshi, ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna daram, fallen katako ya lanƙwashe. Da damina kuwa, ruwan da ke sauka a Zariya ya kusa ninki biyu na Maraɗi, abin da aka shafa jiya bai bushe ba yau, fumfuna ta bi bayan ƙyalle. Akwai ɗaliban da ke faɗa da ƙurar, akwai waɗanda suka haƙura suka mai da ita ɗaya daga cikin launukansu.

Abin mamaki, mafi yawan waɗannan matsaloli an daɗe da warware su a wani gefen garin, tafiyar da ta ɗan wuce kilomita 10 daga Samaru. Mutum ya hau mota ya wuce Kwangila da PZ, ya ratsa Tudun Wada, sai ga shi a Ƙofar Doka. Daga nan Birni ne, tsohon garin Zazzau, da ragowar ganuwarsa wadda baka ke danganta wa Sarauniya Amina, da rimayen da suka tsira daga gatari, da lunguna masu zaure a kowace kusurwa. Ba wanda ke kiran wurin makarantar zane, alhali kuwa maginin Birni ya riga ɗalibin Samaru gauraya kayan aiki da ɗaruruwan shekaru.

A ɗauki laso. Shafe ne da ake yi wa soro da bango don ruwa kada ya ratsa, da shi kuma ake dalaye cikin ramin rini. Ana yin sa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofi bayan an gama rini, a kwashe shi, a shanya, a ƙona, a daka. A haɗa da gashin akuya da majema suka kankare daga fata, sa'an nan a kwaɓa da ruwan dafara, wata saiwa da ake dakawa ta ba da yauƙi. Katsin shi ne jiki, gashin yana hana tsagewa, dafarar tana riƙe su. Idan aka duba da kyau, sana'a uku ce ta taru a cikin shafe guda, ta marini da ta majemi da ta magini, biyun farko kuma sharar aikinsu ce suka bayar. Ɗalibin da ya kwana uku yana tunanin abin da zai hana jar ƙasarsa tsagewa, amsar tana nan a kan soron da yake wucewa. Ga kuma makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi ya ba da ruwa ja mai duhu, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango, ya yi ƙarfi ya yi launi a tashi ɗaya.

A kan irin wannan bango magini ke barin nasa sawun. Wani yana ɗora ƙasa da hannu tun tana ɗanya, ya murza ta ta tashi kamar igiya, ya zagaya ƙofar zaure da ita. Wani yana jiran shafen ya ɗan sha iska, ya yanka zanen da wuƙa. Da siminti ya shigo sai aka koma karce shi kafin ya daskare, a bi da fenti mai launi. Ana ganin dagi, da takobi, da allo, da layukan da ke shiga juna ba a ganin farkonsu. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 kuwa sai ga keke da mota da agogo da jirgin sama sun hau bango, domin mai gida yana so a san ya ga duniya, kuma attajirai ne suka fi sa a yi musu. Bangon zaure a wancan zamani shi ne abin da babbar mota take a yau. Wani Bajamushe mai bincike, Friedrich Schwerdtfeger, ya shafe shekaru yana bin gidajen Zariya yana ɗaukar hotunan wannan ado, littafinsa a kai ya fito a 2007. Da yawa daga irin waɗannan gidaje yanzu bulo da kwano sun maye gurbinsu.

Uban wannan sana'a a Zazzau shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake kira Mika'ilu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azarar giginya ya tayar da bakan gizo masu ɗauke da rufin, ya yi wa ginshiƙan ado mai tudu da kwari wanda hasken ƙofa ke bi yana canza masa kama daga safe zuwa yamma. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon, don haka daga waje ba a ganin komai, sai an shiga. Ana ba da labarin cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi, labarin da ake ba da irinsa a kan manyan magina a ƙasashe da dama. Har yau akwai unguwa mai sunansa a Birni. Shi dai sunansa ya tsira. Na ɗaruruwan da suka yi wa zaurukan gari ado ya tafi tare da bangon.

A zauren da ke kusa kuma ga wata makarantar. Almajiri yana haɗa tawadarsa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, ya fere alƙalaminsa da kansa, ya san yadda zai karkata bakinsa layi ya yi kauri ko ya sirance. Ran sauka a kawo allon zayyana, wanda gwanin abin ya cika da murabba'i da da'ira da saƙa cikin ja da rawaya da kore, ba siffar mutum ko ta dabba ko ɗaya. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Iyaye da yawa a ƙasar Hausa ba sa sakin jiki da karatun da zai sa ɗansu ya sassaƙa mutum-mutumi ko ya zana mai rai, kuma filin nan na Samaru ba ya kwantar musu da hankali. Ɗalibin da ya fito daga irin wannan gida, in ya lura da allon zayyana, da aska takwas da maɗinkan Zariya ke yi wa babbar riga, da ƙwaryar da aka zane da wuƙa mai zafi, zai ga cewa akwai faffaɗar hanya ta layi da launi da saƙa wadda ba ta bi ta kan siffar kowa ba, kuma kakanninsa ne suka share ta.

Ba kowane abin Birni ne ke yarda a ɗauke shi a kai Samaru ba. Baduku yana baƙanta fata da kuloko, wanda ake yi da tsatsar ƙarfe, yana ja ta da karan dafi. A kan fatar da ta sha bagaruwa kuloko baƙi ne wuluk, a kan takarda kuwa yana iya cin ta da shekaru, yadda tsofaffin tawadodin ƙarfe suka huda littattafan da. Shuni ya fi kowa taurin kai. Ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai ya kwana cikin rami da toka har ramin ya nuna, ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mutum. Ɗalibin da ya sayo dunƙulen shuni ya daka ya kwaɓa da ƙaro zai sami launi, amma dusasshe. Sheƙin rawanin ɗan Kura da Buzayen Agadas ke saye da tsada daga dukan mabuga yake fitowa, suna ƙara garin shuni suna bugu har ƙyallen ya ɗauki ido. Sirrin yana cikin dukan, dukan kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo: atamfar masaƙa da rinin kanti sun kashe yawancin karofin ƙasar Hausa, in karofi ya mutu babu katsi, in babu katsi babu laso. Sana'ar da ta faɗi ta ja ƴar'uwarta.

Me jami'a ta ƙara, tunda Birni ya riga ta? Ta ƙara izinin yin kuskure. Magini ba shi da wannan izini, in lasonsa ya tsage ɗakin mutane ne zai yi yoyo, sunansa ya ɓaci a unguwa, don haka abin da ubansa ya gwada ya ga ya yi shi zai maimaita. Ɗalibi kuwa an ba shi shekaru ya ɓata takarda. Bruce Onobrakpeya, wanda tun yana ɗalibi ya sassaƙa wani zane a kan ledar daɓe ya buga shi a takarda ya sa masa sunan shunin Zariya, shi ne babban misali. A 1967, yana malamin makaranta a Legas, ya zuba wa fallen tutiyar da yake son ya yi bugu da shi asid ɗin da bai dace ba, ruwan ya cinye ƙarfen ya ɓata shi. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite. Da ya buga, tudun gam ɗin ya bar wani sawu mai zurfi a takarda wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Daga wannan ɓarna ya fitar da dabarar da ya kira plastogiraf, wadda ta kai sunansa ƙasashen duniya. A shekarun 1980, lokacin da fari ya addabi yankin nan, ya yi jerin ayyuka da ya sa wa sunan dodannin Sahel, a kan mutanen da hamada ke kora.

Gani Odutokun ya mai da irin wannan dace ya zama hanyar aiki. An haife shi a Nsawam ta ƙasar Gana a 1946, ya yi karatu a Samaru, ya zauna yana koyarwa a nan. Yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa, ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sa'an nan ya tsaya ya duba abin da ya fito, ya kama shi ya ƙarasa. Rabi na fenti ne, rabi nasa. Ya rasu a haɗarin mota a Fabrairun 1995, a kan hanyar dawowa daga wani baje kolin zane a Legas. Da aka nuna ayyukansa a Landan a 2000, kalmar farko a sunan baje kolin ita ce wadda a Ingilishi, kamar yadda take a Faransanci, ke nufin abin da ya faru ba da niyya ba, take kuma nufin haɗarin hanya.

Sai dai cinikin da ke tsakanin Samaru da Birni bai cika zama na adalci ba, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganin haka. Ɗalibi ya shigo lungu da littafinsa, ya kwafi dagin da ke kan zaure, ya tambayi dattijo yadda ake jiƙa makuba, a ba shi amsa kyauta har da ruwan sha. Bayan shekaru zanen ya rataya a wani ɗaki mai sanyi a Legas, da sa hannu a ƙasansa da farashi a gefensa. Zauren kuwa damina biyu ta ishe shi in ba a sake shafe shi ba, ɗan maginin ya koma ɗora bulo don shi ake biya. Ba sata aka yi ba, ilmi ba ya ƙarewa don an ɗiba. Amma ɗaya ya fita da suna, ɗaya ya fita da sannu da aiki. Cikin ƴan tawayen 1958, Demas Nwoko ne ya fi kusa da biyan bashin, domin ya koma gini da kansa, yana haɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan ya yi tubali, ya gina majami'ar ƴan Dominikan a Ibadan. A 2023 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a babban taron masu gine-gine na birnin Benis a Italiya, saboda aikin rayuwarsa.

Matafiyin da ya juyo gida ba ya bukatar fasfo don ya ga makarantar Birni, domin iyakar da Nasara suka ja ba ta raba magina ba. A Damagaram, wadda ta riƙe hedikwatar ƙasa har 1926, gidajen unguwar Birni da na Zango suna ɗauke da adon bango ɗan'uwan na Zazzau, waɗansu an shafe su da siminti, waɗansu suna jiran mai gyara. A jihar Tawa kuwa akwai ƙauyen Yama. A 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar Samaru, mutanen ƙauyen suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin gina musu masallacin Juma'a da ƙasa. Ya gina shi ɗaki mai kusurwa huɗu, ba wani ado. Da aka tashi gyara a 1975 sai ya sake rufin da baka da ƙubba, ya shiga tayar da hasumiya a kowace kusurwa, aikin da ya kai shi 1982. Hasumiyoyin huɗu ne, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kowace da tsayinta da irin adonta, kamar mai gwada hannu a takarda huɗu. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, aka rubuta sunan Falke Barmu a takardar.